Dattijon da Ya Zo Neman Ƙugin Jita

A rumfar Sabiru mai gyaran rediyo, bakin kasuwar Gusau, inda nake jiran a gyara mini rediyo, wani dattijo na zaune da jitar lantarki a kan cinyarsa. Rigarsa ta sha guga amma wuyanta ya koɗe, da ɗan gicciye a ƙirji. Hannuwansa ba na makaɗi ba ne. Riƙon jariri yake yi mata.

Ya kwance hankici, ga tsoffin maganaɗisu uku sirara, irin waɗanda ke ɗaukar sautin tsirkiya. So yake a cire sababbin, masu kauri, da matasan cocinsu suka sa, a mayar da waɗannan.

"Baba, na jikinta sun fi," in ji Sabiru. "Tagwaye ne, ba su ƙugi. Waɗanga kuwa da an tada janareta za su cika maka kunne."

"Na sani, ɗana. Mayar da su."

Sabiru na narka dalma, dattijon na shafa maratayin jitar, inda aka ɗinka "Elisha" da jan zare. Maratayin ya yi masa tsawo sosai, bai kuma rage shi ba. Ina zaton na wani dogon saurayi ne da ke hana gida barcin rana. Ban tambaya ba.

Aka jona ta da lasifika. Ƙugi ya taso siriri, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Sabiru ya kai hannu zai rage, dattijon ya riƙe shi. Ko tsirkiya ɗaya bai taɓa ba, ya dai rufe ido.

"Bar shi," ya ce. "Haka ɗakin Elisha ke yi kafin ya fara kiɗa."