Matar da Take Shiga Kowane Gida

Wata rana... ku yi haƙuri, 'ya'yana, sunan garin ya ɓace mini. Na dai tuna akwai tsamiya a bakin layin da abin ya faru, ko maɗaci ne.

Lantana ma'aikaciya ce a wani bincike da ƙananan asibitocin unguwanni suka haɗu suna yi kan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Aikinta bin masu shan maganin har gida, ta ji yadda yake karɓarsu.

A layin nan mace ɗaya take nema.

Amma kowa ya san aikinta. Ƙofar da ta shiga ita za a nuna da baki, ko gishiri ba za a ƙara saye a gidan ba. Ta taɓa ganin haka a wata unguwa. Matar da aka nuna ta jefar da magani, ba ta kai baɗi ba.

Don haka duk Talata sai ta shiga kowane gida. Ta gaisa, ta yi wa yara wasa, ta fito. Ƙafafunta su kumbura.

Aka tsane ta. Wani gidan a fasa kofin da ta sha ruwa. Gida uku suka sa sakata.

Sai Alhaji Tanimu mai shago ya tare ƙofarsa, mutane suka taru.

"Ke 'yar ƙanjamau! Gidana ya yi miki kama da na masu ciwo? Ki ƙara taka nan, sai na karya ƙafar!"

Ta san in shi ya rufe, saura za su bi.

Ta ce, "Alhaji, ka rufe. Kowa ya rufe. Ƙofa ɗaya za ta rage a buɗe, ku taru ku kalle ta. Ka rantse ba ta ɗan'uwanka ba ce?"

Ya dubi layin. Ƙannensa biyu a ciki, da 'yarsa mai aure.

Ya tofar da yawu.

"Wuce. Kada ki taɓa mana kofi."

Bai taɓa amsa gaisuwarta ba. Bai kuma ƙara tare ƙofa ba.

Darasi: rufin asirin mutum ɗaya wani lokaci sai unguwa ta ɗauke shi, ko da tana tsaki. Ku tura wa wanda ya iya nuna ƙofar mutane.

Af, na manta. Bara na bi ta garin, na ƙirga gidajen layin da sandata: gida goma sha huɗu ne. Na tambayi Alhaji Tanimu wanne ne gidan da Lantana take nema. Ya harare ni, ya ce shekara tara ke nan, har yau bai sani ba.