Farar Ƙasar Kusumpani

Sukhlal Maravi mai wankin motoci ne a ƙofar gandun damisa. Motocin masu yawon kallo, marasa rufi, suna fitowa daga daji da hantsi da kuma faɗuwar rana, shi kuwa yana jiran su da bokiti da tsumma. Gajeren dattijo ne, baƙi, ƙafafunsa sun tsage saboda yawan tsayuwa cikin ruwa.

Na san shi ne bayan rasuwar ɗana Aniruddh. Na ajiye koyarwa a kwaleji a Jabalpur, na kama ɗaki a garin da ke bakin gandun, domin nan ne wurin da yaron ya fi so. Mun ƙone gawarsa yadda muke yi, muka zuba tokar a kogin Narmada. Ba ni da inda zan je in tsaya in ce nan yake. Kullum da safe sai in zauna wajen mai shayi kusa da ƙofa, ina kallon Sukhlal yana aiki.

Na lura ba duk motoci yake wa wanki iri ɗaya ba. Wadda ta dawo da jan taɓo, sai ya watsa mata ruwa ya wuce. Wadda ta dawo da farin taɓo a tayoyi, sai ya tsuguna ya kankare shi da hannu, a hankali. Na tambaye shi dalili.

"Wannan ta bi ta garinmu, Malam," in ji shi. "Duk dajin nan babu farar ƙasa sai a mashigin rafin Kusumpani. Da ita matanmu ke shafe bango."

A Kusumpani aka haife shi, a tsakiyar dajin, ƙarƙashin wani dutse da wata tsohuwar ganuwa ke kai. Can ya yi noma, ya yi kiwon ɓauna, ya auri Phulwati. 'Ya ɗaya suka samu, Jhunni, zazzaɓi ya ɗauke ta tun ba ta fara famfara ba. Suka binne ta a gindin bishiyar mahua da ke bayan gidansu, wadda furenta ke zuba da asuba, yarinyar kan tsince shi ta cika baki. Daga baya aka tashi ƙauyen domin damisa ta sami fili. Aka ba su gona da gida mai rufin kwano a wajen gandun. Suka kwashe tukwane da ƙyauren ƙofa, har da dutsen niƙa. Kabari ba ya ɗaukuwa.

Ranar da ya gaya mini haka, hassada ce ta fara zuwa mini. Shi yana da wuri.

A ƙarshen hunturun bara Phulwati ta kwanta. Na je gaishe ta. Ta rame har awarwaron hannunta na kaiwa gwiwar hannu. Ba ta yi maganar ciwo ba. Abu ɗaya take so, a ɗebo mata ƙasa cikin tafi daga kabarin Jhunni, a sa mata a nata in lokaci ya yi, don kada yarinyar ta kwana ita kaɗai a daji.

"Na roƙi mutanen ofis," in ji Sukhlal da muka fito waje. "Sun ba ni kujera, sun ba ni shayi, suka ce doka ta hana kowa taka ƙasa a can."

Sai na yanki izinin shiga na mutum biyu, na ɗauki motar Bhuvan, wani direba mai yawan surutu wanda Sukhlal ke wanke wa mota kullum. Na ce a raina, in mun isa babu kowa, taku kaɗan ne daga hanya.

Sukhlal ya zo da farar riga da ƙaramin gwangwani a aljihu. Bhuvan ya kwashe da dariya.

"A'a, Kawu! Yau kai ne babban baƙo? To wa zai wanke motar?"

"Kai za ka wanke, a ga hannunka ya taɓa ruwa ko sau ɗaya."

"Ina kyamararka? Ko damisa ce za ta ɗauke ka hoto?"

"Ja mota, mai bakin aku. Ina kiwo a dajin nan tun uwarka ba ta san ubanka ba."

Muka shiga da fitowar rana. Itatuwan sal sun fara sabon ganye, barewa masu ɗigo-ɗigo suna tsallake hanya. Muka wuce gindin dutsen, inda wani gunki na dā yake kwance a bakin tafki, gansakuka ta rufe masa ƙafafu. Sukhlal ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai.

Motar ta gangara cikin rafi, ruwa ya yi fari kamar an zuba madara. Muka hau wani fili mai doguwar ciyawa. Babu bango ko ɗaya. Sukhlal yana nuna ciyawar da yatsa, yana magana ƙasa-ƙasa: nan rijiya, nan gidan maƙeri, nan turken ɓauna.

Can gaba motoci sun yi cincirindo, duk an kashe inji. Mutane na tsaye kan kujeru da kyamarori. Bhuvan ya kutsa, ya juyo yana raɗa da murna.

"Malam, kuna da sa'a! Uwar damisa ce da 'ya'yanta biyu. Mako guda ana nemanta."

Tana kwance a inuwar wata bishiyar mahua, ratsin jikinta na hawa da sauka da numfashi. Furen ya zube kewaye da ita. Ɗaya daga cikin 'ya'yan yana tonon ƙasa da ƙafafun gaba, yana wasa. Na dubi Sukhlal, ban buƙaci tambayar wace bishiya ce ba.

Ya fito da gwangwanin. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ƙarfen gefen mota. Bhuvan ya damƙe rigarsa ta baya.

"Kawu, me kake yi? Zauna!"

"Sake ni, ɗana. Ga shi can, ba nisa."

"Za ta kashe ka. In ta kashe ka, su kama ta su kulle, ni su kore ni. Ina da yara, Kawu. Malam, ka yi masa magana mana!"

Na riƙe hannun Sukhlal. Ni na kawo shi, ni kuma na riƙe shi. Ya ja sau ɗaya, sannan ya saki jiki ya zauna. Wata mata a motar kusa ta ɗora yatsa a leɓe, tana nuna mana mu yi shiru.

Muka zauna har lokacin fita ya yi. Damisar ba ta tashi ba. A hanyar dawowa Bhuvan ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, tunda ta kawo 'ya'ya wurin, za ta daɗe, kuma an sa ma'aikata su riƙa gadin filin. Bai sake yin wasa ba.

Da muka fito, Sukhlal ya cire farar rigar ya rataye. Ya tsuguna gaban tayar baya, ya kankare farin taɓon cikin gwangwani har ya cika. Sannan ya ɗauko bokiti ya wanke motar.

Na raka shi gida. Phulwati ta karɓi gwangwanin da hannu biyu, ta murza ƙasar tsakanin yatsu, ta shinshina.

"Ta bakin rafi ce," in ji ta. "Ta gindin bishiya baƙa ce."

"Haka ne."

"Ka ga wurin?"

"Na gani."

"Duwatsun da muka jera suna nan?"

"Ciyawa ta yi tsawo, Phulwati. Ban gan su ba."

Ta rufe gwangwanin, ta miƙa masa, ta juya ga bango.

Ta rasu kafin ruwan farko, ana gab da rufe gandun na damina. A bakin ramin Sukhlal ya tsaya da gwangwanin a hannu, mutane suna jiran sa. Ya daɗe. Daga bisani ya mayar da shi aljihu, ya ce a rufe kabarin, ba wannan ƙasar ta roƙa ba.

An buɗe gandun bayan damina, ya koma bakin aiki. Ina nan wajen mai shayi kamar dā. Ban ƙara jin hassadarsa ba. Yanzu motocin da suka bi ta Kusumpani ma watsa musu ruwa yake yi ya wuce, farin ruwan ya gangara cikin kwata.