Katin Kawu Gado da Rumbun Hatsi

Dogon Dutsi

Na fita bayan sallar asuba da ordinater, wato kwamfuta, a jaka. Aikina tsara katin da ke buɗe fampon ruwa da bankin hatsi a ƙauyenmu, kati ɗaya ga kowane gida. An aiko mini cewa Inna Tani, matar kawuna Gado, ta koma jan guga a tsohuwar rijiya, ga ciwon baya.

A shingen jandarma direban motarmu ya ce musu ni likitan fampo ne. Suka yi dariya, muka wuce.

Kore Mairuwa

Na sha fura a tasha, na hau kabu-kabu. Wannan hanyar da amalanke muke binta muna yara, Kawu yana kora shanu, muna barci a kan dammunan gero. Yanzu ba ka rabuwa da ƙarar babur.

Dumega

Na isa ƙauyenmu da hantsi. Rijiyar tana nan, itacen bakinta duk zanen igiya. A da nan mata ke cika da waƙa da gardamar layi. A ranar, Inna kaɗai na tarar.

Ta ce Kawu ya ɗaure katin a lalitarsa, ko taɓawa ba ta yi. Na same shi a gindin gawo. Bayan gaisuwa ya ce ya ji katin ya san yawan geron da ya ajiye a bankin hatsi.

"Isufu, a gidan ubanka ka taɓa ganin mace ta leƙa rumbu?"

Ban taɓa gani ba. Mai gida kaɗai ke hawa, ya ɗebo, ya miƙa, don kada hankalin gida ya tashi in hatsi ya ja baya.

Na ce, "Kawu, katin ɗaki-ɗaki ne, da katanga a tsakani. Fampo ɗakin ruwa kaɗai yake shiga."

Ya ce bai yarda da katangar da ba a gani ba. Muka tafi fampo mu uku, har da Inna. Ya sa katin da hannunsa, ya kira malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta masa abin da ya fito a allon fampon, har sau biyu. Lissafin ruwa ne kawai. Ya daɗe yana juya katin, sannan ya miƙa wa Inna.

Ta ce, "Ni da ke daka geron kullum, ai na san saura."

Kawu ya yi kamar bai ji ba.

Komawa

Na iso Dutsi ana kiran magariba, da ƙullin kuka daga Inna. Na gode Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya.