Wa Ya Raba 'Yan Tsakin?

Kafin masu shara su gama da baranda take isowa. Takan ajiye jaka a kujerar baƙi, ta buɗe taga, ta kunna tsohuwar kwamfutar nan mai gurnani, ta bar ta ta farfaɗo a hankali, ita kuma ta zaga ɗakunan kaji. Zagayen ba ya cikin aikinta. Ita ma'aikaciyar ƙididdiga ce a cibiyarmu ta binciken kiwo, lissafi aka ɗauke ta yi. Amma takan ce ba ta yarda da lambar da ba ta ga inda aka samo ta ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana kusa tana ji.

Malama Wataƙila muke ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta. Ni na fi kowa shan wuyarta, don ni ke rubuta shirin da ake karanta wa masu kiwo a rediyo, kuma mai sauraro ba ruwansa da wataƙila. So yake a ce masa wannan abincin ya fi wancan, shi ke nan.

Aikin nata ba shi da wuyar ganewa in an saurara. Ga garke biyu, kowanne da abincin da aka ba shi. An auna su, an fitar da matsakaicin nauyin kowane garke, ɗaya ya ɗara. Ita ba ta fara murna ba tukuna. Sai ta ɗauka cewa abincin biyu duk ɗaya ne, sannan ta tambayi lissafi: in da gaske ɗaya ne, sau nawa sa'a kaɗai za ta kawo tazara irin wannan? Don ko kajin da suka ci a mazubi ɗaya ba sa yin nauyi ɗaya. In sa'a ba ta kai yin haka sau ɗaya cikin ashirin ba, sai ta ce akwai magana. In ta wuce haka, sai ta ce ba mu da hujja.

Na taɓa ce mata, "To, Malama, in rubuta babu bambanci ke nan?"

Ta ce, "Ban ce babu ba, na ce ba mu gani ba. Kai in ka leƙa ɗaki mai duhu ba ka ga kowa ba, rantsuwa za ka yi ba kowa a ciki?"

Matar da ke kula da injin ƙyanƙyasa na biyu ba za ta manta da ita ba. An sa ƙwai ɗari-ɗari a injuna biyu, na farko ya ƙyanƙyashe tamanin da biyu, nata saba'in da shida. Shugaban sashe ya ce sakaci ne, a canza mata wurin aiki. Malama ta duba, ta ce ko da injunan da masu kula da su ba su da maraba, irin wannan ratar za ta fito kusan sau uku cikin goma, ba a hukunta mutum a kan haka. Matar tana nan a kan injinta har yau. Kada kuma a ɗauka hana ruwa gudu kawai ta iya. Ranar da gwajin wata allurar rigakafi ya nuna kason mutuwa ya faɗi warwas a garken da aka yi wa, da kanta ta hau bene ta buga ƙofar darakta, ta ce kada a ƙara kwana ba a sanar ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami maganar ƙanenta ce. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ita ta goya shi, kuma a cibiyar yake aiki, masanin abincin dabbobi. Mai Haɗi muke kiransa. Shekaru ya ɗauka yana haɗa wani sabon abincin kaji, har warin dusa ya zama turarensa. Haɗin ya fi na da tsada, amma in ya tabbata yana ƙara nauyi, ƙungiyoyin mata masu kiwo sun yi alkawarin komawa kansa, sunansa zai hau buhu, ƙarin girman da ya daɗe yana jira zai zo. Aka yi gwaji, kajin sabon haɗi suka ɗara sosai. Ita da kanta ta yi lissafin, ta ce sa'a ba ta yin wannan, ta sa hannu. Ranar na ga haƙoranta duka.

Ana shirin sanarwa, wata safiya tana zagayenta ta tarar da shi yana raba wasu 'yan tsaki da suka ɗan tasa, na wani gwajin daban. Yakan miƙa hannu cikin garke, wanda ya kamu ya jefa a kejin da ke kusa da ƙofa. Da wannan ya cika, sai ya bi sauran da suka tsere lungu, ya kai su keji na ciki. Ma'aikatan da ke wurin sun ce ta tsaya tana kallon yadda yake rabon.

Can ta ce, "Auta, haka ka raba na gwajin haɗinka ma?"

Ya ce, "Haka, Yaya. Da hannuna, ban bar wa kowa ba."

"Wane keji ya ci sabon haɗin?"

"Na ciki."

Ta ce, "Wanda ke fara kamuwa shi ne mai sanyin jiki. Masu kuzarin da suka ba ka wuya su ka kai ciki. Tun kafin su ɗanɗana haɗinka sun riga sun fi."

Ba ha'inci ya yi ba, kowa ya shaida. Hannu ne ya zaɓa ba da sanin mai shi ba. Kuma ba wanda ya lura sai ita, da ta yi shiru da magana ta wuce. Ba ta yi shiru ba. Ta je ta janye sa hannunta, ta ce a sake gwajin.

Magana ta kai gida. Mahaifiyarsu, tsohuwa mai ran ƙarfe, ta aika aka kira ta. Ita Malama ce ta ba ni labarin, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Tsohuwar ta ce, "Ke yanzu a kan kaza za ki kunyata ɗan'uwanki? Hannunka ai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ta ce, "Inna, ba yankewa zan yi ba, wankewa zan yi. In haɗin nan na ƙwarai ne, gwaji na biyu ba zai rage shi da komai ba."

Aka sake. Wannan karon an ɗaura wa kowane ɗan tsako lamba a ƙafa, aka rubuta lambobin a marafan kwalba, aka zuba a gwangwani aka girgiza, ƙuri'a ta raba su. Ta sa an ƙara yawan kajin, don kada a ce ƙarancinsu ne ya ɓoye gaskiya. Da aka auna, tazarar ta narke. Abin da ya rage bai wuce wanda sa'a ke kawowa kullum ba, ko da ma na gaske ne bai kai a biya ƙarin kuɗi dominsa ba. Ni na cire sanarwar daga shirin rediyo, kuma na ji zafin cirewar, don ina son mutumin.

Daga nan ya daina zuwa gidanta cin abinci. Gaisuwa ce kawai a baranda, ita ma a gajarce. 'Ya'yansa da ke cika mata gida ran hutu suka ɗauke ƙafa. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba, ba ta kuma bi shi tana ba da haƙuri a kan abin da ba laifi ba. Ta ci gaba da aika wa yaran ɗinkinsu kamar yadda ta saba.

Malama, ke ce kika san cewa lamba ba ta yin ƙarya da kanta, amma tana ɗaukar ƙaryar da aka ɗora mata. Ke ce kika hana ɗaruruwan mata sayen buhu mai tsada da ba zai ƙara musu ko ƙafar kaza ba, kuma ko ɗaya cikinsu ba ta san da ke ba, balle ta gode. Ba a yi wa mutum biki don asarar da ba ta faru ba.

Da zan rubuta wannan, na je wurin Mai Haɗi na tambaye shi ko ya yarda in ambaci maganar. Yana auna dusa, bai ɗago ba. Ya ce, "Rubuta. Har yanzu abin yana min ciwo, ba zan ɓoye maka ba, ƙuruciyata na zuba a haɗin nan." Ya share hannu a riga, ya ce, "Amma ka rubuta har da wannan. Da haɗin ya fita kasuwa, da yanzu kowace mata da kajinta suka ƙi girma sunana take karantawa a jikin buhu tana Allah ya isa. Yaya ta hana ni suna, ta kuma hana a tsine min. Ban taɓa gaya mata ba. In ta karanta a wurinka, ta ji."

To, Malama, kin ji. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma masu tasowa da za ku gaji kujerarta, lissafin kwamfuta za ta yi muku shi cikin ƙiftawar ido. Abin da ba za ta yi muku ba shi ne tashi a je ɗakin kaji a tambaya, ko da mai amsar ɗan ɗakinku ne.