Fatalwar da Ta Fito Daga Shagona

A wancan lokaci ni matashi ne mai ɗan shago a Sabon Gari, nan Maraɗi, ina tura wa mutane fina-finai a waya. Abin da nake taƙama da shi, wallahi, shi ne ni ban sayar da yankakke. Duk wurin da masu tace fim na tsallaken iyaka suka cire, sai na bi ta bayan fage na samo shi. In abokan sana'a suka yi mini faɗa, in ce musu tsoro ne ke damunsu.

Akwai wani fim da aka cire wurin da wani mugu ya naɗe jikinsa da likkafani, ya tsaya wa wata gwauruwa a gona yana kwaikwayon muryar mijinta da ya rasu, don ta gudu ta bar filin. Na tura shi da wurin a ciki ga jama'a ba adadi, har da 'yan garinmu Jiratawa da ke shigowa kasuwa.

Bayan rasuwar babanmu, inna ta riƙe garkarsa ita kaɗai. Sai aka aiko mini cewa ta daina zuwa ban ruwa, albasa na bushewa. Na same ta a ƙuryar ɗaki, ta rame, tana kallon ƙofa. Ta ce da tsakar rana take ganin baba tsaye cikin fararen kaya bayan masara, ba ya motsi. Muka kai ta wurin mai magani a Tibiri, aka yi rubutu da turare, ba sauƙi. Sai ranar nan a hanyar dawowa ta faɗa mini abin da yake ce mata: wai ƙasar nan ta yi masa nauyi a ƙirji, ta sauka daga kansa. Maganar fim ɗin ce, kalma da kalma.

Na rantse mata mutum ne, har na kunna mata wurin ta gani. Kaico! Tana jin muryar ta ƙwala ihu, ta ce ashe ya biyo ta cikin wayata. Tun ranar ba ta yarda in kusance ta, kuma garkar ta koma hannun dangi.

Har yau ban san wanda ya aikata ba, na dai san ta hannuna ya koya. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ba kowane yanka ne zalunci ba, ku ji tsoron Allah. Ni ga shi uwata na raye, amma daga bakin zaure nake gaishe ta.