Kwana Uku Babu Mai Nono

An sha wuya a wannan daminar, ba wai ba. Hatsin da muka ci mun ci shi ne da tsoro. Shekara arba'in da wani abu ke nan, amma har yau in hantsi ya yi ban ji muryar mai nono a bakin zaure ba, sai in fita in duba hanya.

Ƙauyenmu na wajen Birchi ne, ƙasar Kurfi. Tsakaninmu da rugar Fulani burtali ne kawai, hanyar shanu. Kullum matansu na shigowa da ƙwarya a ka, su ba da nono su karɓi gero. Kaka, wanda ya haifi babanmu, da su yake auna zaman lafiya. Yakan ce in mai nono ta ɗauke ƙafa, kada a bari ta kai kwana uku.

Ni na jawo fitinar daminar nan. Gero ya fitar da kai, aka sa ni tsaron gonar baffa. Shanu suka faɗa ciki, na kora suka ƙi, na ɗauki gatari na sari wata farar saniya a ƙafar baya. Na gudu gida, ban gaya wa kowa ba.

Washegari babu mai nono. Kashegari ma haka. Gari ya yi tsit, ko kukan shanu ba ka ji. Mata suka daina zuwa rafi. Baffa ya ga gonarsa kwance, ya zauna bayan rumbu yana wasa adda, samari na taruwa kusa da shi ɗaya-ɗaya. Wannan ƙarar ƙarfe a kan dutse ita ta sa na je na faɗa wa kaka.

Bai buge ni ba. Da safiyar rana ta uku ya ce in shige gaba. A bakin burtali ya jingine sandarsa a jikin itacen ƙirya, tsoho da ciwon gwiwa, ya tafi hannu biyu a sake. Muka tarar da mazansu tsaye, kowa da sanda a wuya. Babu wanda ya amsa sallama sai Arɗo, shugabansu.

"Malam, ɓarna ka zo faɗi?" in ji Arɗo.

"Ɓarnarmu na kawo," in ji kaka. "Taku ku kuka san ta. Kai, faɗi da bakinka."

Na faɗa. Arɗo ya saurare ni har na gama. Can ya ce a kira ɗansa, shi ma ya faɗi yadda barci ya kwashe shi a gindin tsamiya ya bar shanu. Daga nan aka shimfiɗa tabarma. Ba a tashi ba sai azahar. Aka tsayar da cewa ni zan riƙa kai wa saniyar ciyawa har ta taka, su kuma su yi zaman rani a gonar baffa, ta sha taki. Kafin mu kai gida, ƙwaryar nono uku sun riga mu.

Yanzu ina Makera, ƙasar Dutsin-Ma. Kaka ya rasu, babu mai jingine sanda. Kowa ya san abin da daji ya zama, kuma wanda duk ya fito daga ruga kallon ɗan leƙen asiri ake mishi. Wannan satin shanu suka shiga waken ɗana. Ya kama maraƙi biyu ya ɗaure a gidana. Tsohuwar da ke kawo mana nono ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Da la'asar na ji wannan ƙarar, ƙarfe a kan dutse, a bayan ɗakin ɗana.

Na ce mishi zan je in yi magana da mutanen ruga.

"Baba, wace magana? Waɗannan ba irin na da ba ne. In ka je ba ka dawowa."

Ƙila gaskiya ya faɗa. Ni dai na iya ƙirga uku.

Da gari ya waye na yi sallah, na kwance maruƙan nan, na sa su gaba. A bakin burtali na ajiye sandata, na miƙe zuwa ruga.