Kalmomi Ukun da Na Hana Tsoho

Har yau idan na wuce shagon da ake kunna turaren tsinke a kasuwar Deptford da ke London, sai in ji kaina ya sunkuya da kansa. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ba labarin da zai ƙara mini daraja ba ne.

Ina 'yar shekara tara muna zaune a flat na council, wato gidan haya na hukuma, ni da iyayena da Kaka. Ƙofarmu tana kallon ta wani tsoho mutumin Nepal, mabiyin addinin Buddha. Lokacin sanyi, tun ƙarfe huɗu duhu ya rufe gari, nakan tsere ɗakinsa saboda ɗumi da shayi mai citta. Yakan kunna turaren tsinke ya zauna yana jan carbi, yana maimaita kalmomin Sanskrit, tsohon harshen littattafansu. Ni kuwa uwar surutu, na hana shi sakat sai da ya koya mini uku: karuna, wato tausayi, maitri, fatan alheri ga kowa, shanti, kwanciyar hankali. Ya ce ba harshen gidansu ba ne, amma ba sa sauya su, domin a haka ya karɓe su daga bakin malaminsa.

Da na kai wa Kaka labari, sai ta ce, "To, kamar Larabcinmu ke nan. Ungo, kai masa tuwo."

Ina shekara sha biyu ɓarin jikinsa ya shanye. Turanci ya ɓace masa, harshen gida ma ya bi, sai kalmomin ibadar nan kaɗai suka rage. 'Yarsa haihuwar London ce, ba ta taɓa koyonsu ba. Wata Asabar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, ƙawayena na Islamiyya suna zaune a falo. Ta ce mahaifinta yana fara kalma ya kasa ƙarasawa, sai ya yi ta kallon ƙofa. Ko zan zo in taya shi?

Ƙawayena suka zuba mini ido. Tsoro ya kama ni kada gobe a ce ina karatun wani addini. Na ce ban san komai ba.

Bayan ta tafi, Kaka ta dube ni ta ce, "'Yar nan, taku biyar ne tsakaninmu da shi. Kalmar farkon nan da ya koya miki, ba tausayi kika ce mini sunanta ba?"

Na shige banɗaki na kulle. Bayan mako guda aka kai shi asibiti a Camberwell, bai dawo ba.

Yanzu a inda nake zaune ban san sunan maƙwabcina ba, 'ya'yana kuma da Turanci suke amsa mini. Hausar Kaka da yawa ta zube mini, amma kalmomi ukun nan sun ƙi tafiya, kuma kunyarsu nake ji. Ranar da aka kwashe kayan tsohon na auna tsakanin ƙofofin da ƙafata. Kaka ta yi mini sassauci ne, taku huɗu ne.